Gidan Delbert da Tankin da Ya Fi Ƙarfinsa

A unguwarmu ta Kwarin Barewa, can bayan kamfanin fiɗar kaji a kudancin Alabama, kana iya zagin Delbert Tackett ta uwa ta uba, ya yi dariya ya miƙo maka taba. Kana iya aron injin yankan ciyawarsa ka dawo da shi a lalace, ya ce ba komai, dama ya tsufa. Amma ranar da bakinka ya kuskure ka kira gidansa tirela, to kun rabu ke nan. Ko a coci kuka haɗu sai ya sake benci.

Unguwar kuwa duk tireloli ne. Kowane gida a cikinta mota ce ta jawo shi daga masana'anta, aka ɗora shi a kan bulo, aka haɗa masa wuta da ruwa. Kowa ya san haka, kowa ya rungumi ƙaddara yana cin gurasar masararsa da wake. Delbert kaɗai ne ya dage a kan shi fa a gida yake zaune.

Ciwon ba na yau ba ne. A tirela aka haife shi, kuma in motar makaranta ta tsaya a bakin unguwarsu, yaran gari sai su leƙo ta taga suna cewa, "A matsa, a matsa, 'yan gwangwani sun zo." Tun yana ɗan gajeren wando ya rantse ba zai mutu ba sai a gida mai tushe, na bulo da siminti. Ya girma ya kama aiki a kamfanin kaji yana tuƙa motar ɗaga kaya. A can ya ga Earlene, wadda ke tsaye a layin cire ƙashi, hannuwanta cikin ƙanƙara tun safe har yamma. Ya aure ta, ya sayi tirela ta hannu, ya ce mata na wucin gadi ne kafin ya gama tara na gini. Suka haifi yara biyu a ciki, yaran suka girma suka tafi Texas neman abinci, wucin gadi ya yi furfura.

Da ya ga gidan bulo ya ƙi zuwa, sai ya mayar da tirelar gida da ƙarfin tsiya. Ya kafa mata baranda. Ya zagaye ƙasanta da kwano mai zanen jan bulo don kada a ga abin da ke ƙarƙashi. Ya hau rufi ya dasa bututun hayaƙi wanda babu murhu a ƙasansa, tsuntsaye suka ji daɗi suka yi sheƙa a ciki. In jiniyar guguwa ta kaɗa, unguwa ta watse a guje zuwa ɗakin ƙarƙashin coci, shi sai ya zauna a baranda da kofin shayinsa mai ƙanƙara, ya ce masu tirela ne ke gudu. Earlene takan ɗauki kyanwarta ta bi jama'a, ta bar shi da gidansa. Ba ta taɓa yi masa gardama ba. In ya ce gida, ta ce to.

Ƙayar da ke wuyansa ita ce Royce Whitlow, mijin Marvelle, yayar Earlene. Royce dillalin inshora ne, yana da gidan bulo mai bene a cikin gari, kuma bai iya zagi ba, tambaya kawai ya iya. A kowane cin abincin Kirsimeti sai ya goge baki ya ce, "Delbert, ba ku da shirin tashi ne bana? Na ga an karya farashin taya." Ita kuwa Marvelle, tun ranar bikin ƙanwarta take ganin an jefa yarinyar rijiya. Akwai wani ɗaki a bayan gidanta da ta daɗe tana cewa na Earlene ne duk ranar da ta dawo hayyacinta.

A tsakiyar sanyin da ya wuce hitar dumama ruwa ta gidan Delbert ta mutu. Tsohon tanki ne ɗan ƙarami, a wani ɗan ɗaki kamar akurki wanda ƙofarsa ke ta waje, kuma ya daɗe yana ɗiga ba wanda ya kula. Ga wani, mutuwar hita wankan ruwan sanyi ne kawai. Ga Earlene ba haka ba. Shekarun da ta yi a layin kaji sun bar mata sanyin ƙashi, yatsunta suna kwana a dunƙule, sai ta jiƙa su cikin ruwan zafi da safe kafin ta iya riƙe cokali. Delbert ya ce ta bar masa, shi zai gyara. Ya yi kwanaki yana dukan tankin da sifana, yana lallashinsa, yana zaginsa. Ita kuma tana dafa ruwa a tukunya tana kaiwa ban-ɗaki da waɗannan hannuwan, har wata safiya tukunyar ta suɓuce, saura ƙiris ta sale mata ƙafa.

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Kafin azahar motar Marvelle ta tsaya a ƙofa, ba ta ma kashe injin ba.

"Ɗauko kayanki," ta ce wa ƙanwarta. "Na zuba ido na gaji. Yau tukunya, gobe sai gawa."

"Haba Yaya Marvelle," in ji Delbert, "gyara fa nake. Gida mai girma haka, dole wani abu ya lalace wata rana."

Marvelle ta dube shi sama da ƙasa ta ce, "Allah ya ba ka lafiya, Delbert." A bakin matan garinmu wannan ba addu'a ba ce.

Earlene ta fito da jaka ɗaya da kyanwarta. Ta tsaya a baranda ta ce, "Baban yara, ba fushi na yi ba. Ranar da famfo ya kawo ruwan zafi, ka kira ni."

"Kafin Lahadi, Mama," ya ce. Tun yara suna ƙanana yake kiranta haka, bakin ya bi.

Gidan ya yi masa faɗi, abin da bai taɓa yi ba. Ya ci waken gwangwani a tsaye, ya kwana a gefensa na gado, ya tashi ya dafa kofi na mutum biyu. Yana kewar matarsa, kuma yana jin tsoro, don ya san Marvelle in ta riƙe abu ba ta saki.

A nan dole a yi wa Delbert adalci. Ran Juma'a maƙwabcinsa Odell, tsohon direban babbar mota da ba ya rabuwa da kujerar roba, ya leƙo ta kan shinge ya ce, "Ka auna ƙofar akurkin nan kafin ka je kanti. Kuma sabon tankin, irin namu za ka saya, mai bakin bututu a gefe. Daidai ruwa daidai tsaki." Delbert ya yi kamar bai ji ba, amma da Odell ya shiga ciki, ya zagaya ya auna ƙofar da zare, ya ƙulla, ya cusa a aljihu. Niyyarsa ya isa kantin kayan gini da sassafen Asabar, ya saci jiki ya saya ya fito kafin idon sani ya waye.

A kantin, hitocin gida suna gaba-gaba, a jere ƙarƙashin fitilu, farare tas kamar amare. Na tirela suna can ƙurya, kusa da ƙofar ban-ɗaki, ƙarƙashin wani allo da aka rubuta da manyan baƙaƙe yadda ko makaho zai gani. Delbert ya ja hularsa ƙasa, ya nufi ƙuryar. Ya kusa isa ke nan ya ji an dafa kafaɗarsa.

"A'a, ƙanina! Kai ne da sassafe haka?"

Royce ne, riƙe da galan ɗin fenti a kowane hannu. Ya ɗaga su sama ya ce, "Ɗakin baya za a shafe. Marvelle ta ce tunda Earlene ta zo, gara a gyara mata shi sosai. Ruwan ƙwai ta zaɓa. Kai fa, ina ka nufa? Can ƙurya?"

"Ban-ɗaki nake nema," in ji Delbert.

Sai da ya shiga ban-ɗakin kuwa, ya tsaya yana kallon bango har ya ga ya isa a ce Royce ya tafi. Da ya fito, ga Royce nan jingine da kanta yana hira da Misis Pettway mai sayar da hita, yana jiransa.

"Ga mai sayen nan," in ji Royce. "Ki ba shi mai kyau."

Misis Pettway ta gyara tabarau ta yi tambayar da take yi wa kowa. "Yallaɓai, na gida ko na tirela?"

Zaren yana aljihunsa, yatsunsa suna kan ƙullin. Royce ya ajiye fenti ƙasa, ya harɗe hannu, ya karkata kai kamar mai jiran wa'azi.

"Na gida," in ji Delbert.

"Ka tabbata? Don in na tirela ne, ba iri ɗaya ba ne. Kuma in an kwance kwali ba ma karɓa."

"Baiwar Allah, kin ga na yi kama da wanda bai san inda yake kwana ba?" Ya juya ya kalli Royce. "Kai wane iri ne a gidanka?"

Royce ya nuna wani matsakaici. Delbert ya wuce shi, ya dafa na ƙarshen layi, wani ƙato da ya fi shi tsawo, irin wanda ake sa wa gida mai ban-ɗaki uku da 'yan mata biyar. Ya ce wannan za a ɗora masa. Girman kai rawanin tsiya, in ji masu magana. Na Delbert sai da ƙarti suka taru kafin ya hau akori-kura.

Da ya shigo unguwa da shi, mutane suka fito da kujerunsu, don a Kwarin Barewa ba a samun kallo kyauta kullum. Odell ya zagaya motar, ya ƙwanƙwasa kwalin ya ce, "Delbert, wanka za ku yi ko baftisma za ka fara yi wa jama'a?"

Tankin bai shiga ƙofar akurkin ba, ko kusa. Wani ya ce a mayar, Delbert ya ce ya riga ya yaga kwali. Ya ɗauko zarto ya faɗaɗa ƙofar. Tankin ya shiga da ƙafa, kai ya ƙi. Ya fasa silin. Ciki ya ƙi, ya yanke bangon da ke bayan akurkin, ashe bayan bangon kabad ɗin Earlene ne. Ya kwashe rigunanta na coci ya zube a kan gado, ya ce ai in ta ga ruwan zafi ba za ta tuna da kabad ba. Bututun gidan daga ƙasa suke fitowa ta gefe, na tankin a ka suke, sai ya yi ta haɗa guntaye yana lanƙwasawa har abin ya koma kamar hanjin rago.

Odell ya durƙusa ya danna daɓen akurkin da babban yatsa, yatsan ya nutse. "Ka ga katakon nan? Garin itace ne da gam, kuma tsohuwar hitarka ta shekara tana yi masa fitsari. Wannan ƙaton in ya sha ruwa ya kai nauyin saniya."

"Daɓen tirela ke nan kake faɗi," in ji Delbert. "Koma kujerarka."

Odell ya koma kujerarsa, amma ya ja ta baya kaɗan.

Abin haushi, tankin ya yi aiki. Ran Lahadi da safe Delbert ya murɗa famfo, ruwa ya zubo yana tururi. Ya tsaya yana kallonsa har idonsa ya ciko. Ya kira gidan Marvelle ya ce Mama ta dawo bayan coci, kuma a zo da kowa da kowa, akwai soyayyar tarwaɗa. Da Earlene kaɗai ya kira, da wata ƙila labarin ya tsaya a cikin gida. Amma me ye amfanin hitar da ta fi ta Royce in Royce bai gani ba?

Suka zo. Earlene ta shiga ɗaki ta ga rigunanta a kan gado, ta ga tumbin farin tankin ya leƙo ta inda kabad ɗinta yake. Sai ta ce bari ta yi wanka kafin a ci abinci. Delbert ya zaunar da baƙi a tebur, ya zuba musu shayi, yana jin ƙarar ruwa a baho kamar ana yi masa kiɗa.

"Irin wannan tankin," ya ce wa Royce, "sai gida mai ƙarfi."

Marvelle ce ta fara lura shayinta ya karkace a cikin kofi. Ta ɗauka jiri ne. Sai wani lemo ya fito daga kwano da kansa, ya gangara kan tebur a hankali, ya faɗi ƙasa, ya bi lungu ya nufi ɗakin kwana. Duka ukun suka bi shi da ido. Daga can ƙarshen gidan aka ji wani nishi mai tsawo, sai ƙara, rim! Daɓen ya buɗe baki, tankin ya zurma, ya tafi da bulon da ke tallafe da kusurwar. Gidan ya durƙusa ta baya kamar raƙumi. Kwanon tarwaɗa ya zame ya sauka a cinyar Royce. A waje, kwano mai zanen bulo ya ɓalle ya yi tsalle cikin ciyawa, ruwan zafi ya yi ta kwarara daga ƙarƙashi yana tururi, ga ƙarafan gindin tirela nan tsirara a gaban 'yan kujera.

Ba wanda ya ji ciwo. Earlene ta fito daga ban-ɗaki tana dafa bango, tawul a jiki, kumfa a kai. Royce, karon farko a rayuwarsa, bai yi tambaya ba. Ya tsame kifi daga wandonsa ya ajiye a faranti, ya fita ya tayar da mota. Wannan shirun ya fi yi wa Delbert ciwo a kan duk tambayoyin Kirsimeti.

Earlene ta sa rigarta, Marvelle ta ɗauraye mata kai da ruwan gora a baranda, ta kama hannunta zuwa mota. Delbert yana biye da su, safarsa jiƙe sharkaf. "Mama, ƙaramin abu ne. Katako ne kawai. Ko gidan gwamna daɓe yana lotsawa."

Ta tsaya riƙe da ƙofar mota. Ba ta ɗaga murya ba, amma unguwar ta yi tsit har ana jin ɗigar ruwa.

"Delbert Ray Tackett," ta ce. In macen Alabama ta kira mijinta da suna uku, to ya nemi wurin zama. "Royce ya ba mu labarin kanti tun jiya, yana dariya. Ni ban yi dariya ba. Matar nan ta tambaye ka har sau biyu. Ka san hannuna, ka fi kowa sani, amma da aka ce ka zaɓa tsakanin hannuna da bakinka, bakinka ka zaɓa. Ni a tirela na yi aure, a tirela na yi goyo, ban taɓa jin kunya ba ko sau ɗaya. Kai ne ka bar ni ni kaɗai a ciki, ka tare a wani gida da ban taɓa gani ba. Yanzu faɗa mini, a gaban mutanen nan, a ina nake zaune? In ka faɗa, ba inda za ni. Ko a baranda sai in kwana."

Delbert ya buɗe baki. Ya kalli Odell, ya kalli 'yan kujera, ya kalli ƙeyar Royce a bayan sitiyari. Kalmar ta taso har maƙogwaro ta tsaya.

"Ai ke ma kin sani, Mama," ya ce.

Ta gyaɗa kai, ta shiga mota. Marvelle ta ɗaga gilashi saboda sanyi. Motar ta kai wajen akwatunan wasiƙa da ke bakin unguwa kafin abin ya fashe masa. Ya zabura a guje, tsoho da safa a kan tsakuwa, yana ihu iya ƙarfinsa: "Tirela ce! Mama, tirela ce! Wallahi tirela ce!" Duk Kwarin Barewa ta ji, har karnuka suka amsa. Waɗanda ke cikin motar ne kawai ba su ji ba, don ta riga ta sha kwana ta hau titi.

Ya dawo yana haki. Ba wanda ya yi dariya. Odell ya tashi ya miƙa masa kujerarsa ya ce, "Zauna. Ai mun sani."

Sati bai zagayo ba aka ɗaga kusurwar gidan da jak, aka sa sabon daɓe. Delbert ya koma kanti da tsakar rana, ya wuce kai tsaye zuwa ƙurya, ya sayi ɗan ƙaramin tanki mai bakin bututu a gefe, tankin ya zauna a akurkinsa daram. Ya kira Earlene ya faɗa mata komai, har da kalmar, ba tare da ta tambaya ba. Ta ce ta ji daɗi. Ta ce bari sanyi ya wuce su gani.

Sanyi ya wuce, zafi ya zo ya wuce. Ba su rabu ba, a coci benci ɗaya suke zama. Kowace Asabar Marvelle takan sauke ta a bakin unguwa, ta tako da ƙafa da ɗan kwanon abinci. Takan duba ko yana shan maganinsa, ta yi masa faɗan ƙurar kan talabijin, wani lokaci ta wanke hannu a famfo ta ce ruwan ya yi zafi daidai. Kafin rana ta faɗi ta koma. Delbert ya gaya wa Odell duk wannan yana iya jurewa. Abin da ke cinsa ɗaya ne: in ta hau baranda, sai ta ƙwanƙwasa ƙofa ta jira ya ce ta shigo.